Cigiyar Mutumin da Ba Shi da Alama

Dattijo Ba Sa'id ya fita da hantsi, lokacin da matarsa Ya Mu'mina ta shiga maƙwabta aron turmi. Da ta dawo, tabarmarsa na nan a gindin darbejiya, butarsa na nan, shayinsa ko rabi bai sha ba, amma takalmansa ba sa nan. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa bayi, ta fita zaure ta dawo, ta sake leƙa ɗakin da ta riga ta leƙa, sai ka ce mutum allura ne. Daga nan ta ja laffayarta ta yafa a karkace, ta faɗa layi.

Da a shekarun baya ne, da ko a jikinta. Namiji ya fita da safe, mene ne abin magana? Amma tun bayan ambaliyar da ta shafe unguwarsu ta Abbaganaram, kan Ba Sa'id ya fara zubar da abubuwa. Ya fara da manta inda ya ajiye hula, ya koma manta ko ya ci abinci, har ranar da ya tsaya a ƙofar gidansa yana sallama, yana jiran a ba shi izinin shiga. Katinsa na shaida da hoton da ke jiki, ruwa ya tafi da su. Ga shi Maiduguri gari ne da ya sha wuya har ya koyi tsoron baƙuwar fuska. Tsoho ba kati, a tambaye shi sunansa ya yi shiru, a tambaye shi unguwarsu ya yi murmushi, in dare ya riske shi a hannun samarin wata unguwa, wa zai yi masa bayani? Wannan ne ya tsinka zuciyar Ya Mu'mina. Ba ta da wani buri a duniya ranar nan sai ta same shi kafin magariba.

Ta tambayi mai shayin bakin layi, ya ce, "Wallahi Ya Mu'mina, ƙila ya wuce, ban lura ba." Ta tambayi masu wankin hula, waɗanda tun safe suke zaune suna fuskantar hanya, suka dubi juna, suka ce ba su lura ba. Ladanin masallaci ma, wanda ya san kazar kowa a unguwar, cewa ya yi bai lura ba.

Ai kuwa da za a taƙaita tarihin Ba Sa'id, da wannan maganar ta isa. A Abbaganaram aka haife shi, ɗan tsakiya a gida mai 'ya'ya da yawa, ba babba ba balle a ji tsoronsa, ba auta ba balle a shagwaɓa shi. A makarantar allo bai yi fice ba, bai kuma yi daƙiƙancin da zai sa malam ya riƙe sunansa ba. Ya gwada ɗinki, ya ga zama wuri ɗaya ba nasa ba ne, ya koma sayar da ruwa. Da gwangwani biyu da sanda a kafaɗa ya fara, daga baya ya samu kura mai ɗaukar jarkoki, ya riƙa ɗiba a wani bohol a unguwar Wulari yana raba wa gidajen ma'aikata. Mutanen garin nan kuwa, Allah ya shirye mu, ba ma tambayar sunan mai ruwa. "Mai moya!" kawai za a ƙwala daga cikin gida, duk wanda ya ji ya shigo, ya juye, ya fita. Shekara fiye da talatin yana amsa wannan kira.

A shekarun tashin hankali, in aka fara harbi sai ya kwanta a gindin katanga ya jira. In abin ya lafa, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ci gaba da turi, tunda ko ana yaƙi sai an sha ruwa. Wasu sun yi suna da jarumta a lokacin, wasu da kuɗi, wasu da mugunta. Shi bai yi suna da komai ba. A masallaci ba ya sahun gaba, ba ya na baya. A biki shi ne mai shimfiɗa tabarmi da naɗe su, in mai hoto ya zo yana can ya tafi ɗauko kujera. Shi ya sa duk hotunan bikin 'yarsu Fanna, wadda ke aure a Damaturu, babu shi a ciki sai gefen hannunsa a guda ɗaya.

Ita kuwa Ya Mu'mina mace ce mai wuta, bakinta ba ya ajiye magana ta kwana. Ta sha yi masa gori: wane ya gina bene, wane ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare, kai kullum jiya i yau! Sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ja kwanon burabuskonsa. Wannan haƙurin nasa ya fi zagi ba ta haushi. Da ambaliya ta tafi da kurarsa, gwiwoyinsa kuma suka fara ƙara, sai ya zauna a gida. Ba wanda ya zo daga Wulari ya tambayi ina ya shiga. Wani ya karɓi gidajen, ruwa bai yanke wa kowa ba.

Tana tsaye a bakin titi tana waige-waige Yoila ya tsayar da kekensa na Napep a gabanta. Yoila mutumin kudancin Borno ne, magidanci, yana haya a gidan da ke jikin nasu. Da ya ji abin da ya faru, ya sauke fasinjansa ya ba shi haƙuri.

"Mama, shiga," ya ce. "Yawo da ƙafa ba zai yi ba a ranar nan. Mu je gidan rediyo a yi cigiya. Ba mai keke, ba mai shago da ba ya jin rediyo."

A gidan rediyon aka kai su wajen wata ma'aikaciya mai suna Ketura, mace mai fara'a, biro a hannu. Ta ba Ya Mu'mina kujera, amma ina! Ta zauna a bakin kujerar, ta miƙe, ta sake zama.

"Mama, sunansa?"

Nan ne harshen Ya Mu'mina ya yi nauyi. Tun ranar da aka kai ta gidansa ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba. Malam take cewa, ko a faɗa ko a daɗi. Ta dubi ƙasa ta ce, "Sa'id," a hankali, har sai da Ketura ta matso da kunne.

"Akwai hoto?"

"Ruwa ya ci."

"To, ba komai, sai kamanni. Dogo ne?"

"A'a."

"Gajere?"

"A'a, ba gajere ba ne."

"Fari ko baƙi?"

"Tsaka-tsaki dai."

"Zane a fuska fa?"

"Yana da shi," ta ce da sauri, ta ji daɗin samun abin faɗa. "Irin namu na Kanuri."

Ketura ta ɗan murmusa. "Mama, rabin tsofaffin garin nan suna da shi. Kayan jikinsa?"

Kaftani ne, wannan ta sani, da hannunta ta wanke shi. Amma fari ne da ya sha jiki ko ruwan toka ne da ya koɗe, ta kasa yankewa. Hula zanna tsohuwa. Gemu kamar na kowa. Da aka tambayi sana'arsa, ta ce ba ya komai yanzu, yana gida.

Ketura ta ajiye biron. "Mama, ki taimake ni. Tabo, ɗingishi, wawulo, wani abu dai da in mutum ya gani zai ce shi ne."

Ya Mu'mina ta runtse ido. Ta ga bayansa yana fita da safe. Ta ga ƙafafunsa yana alwala, ta ga hannunsa yana karɓar kwano. Fuskar ce ta ƙi zuwa. Da tana amarya, kunya ta hana ta ɗaga ido, an ce mata 'yar gidan mutunci ba ta ƙura wa mijinta ido. Da kunyar ta tafi, hidima ta zo, ga 'ya'ya, ga girki, ga mita. Yaushe za ta zauna kallon mutumin da kullum yana nan? Don baƙin ciki ta ji kamar ta mari kanta. Ta ce, "Mutumin kirki ne."

"Na yarda, Mama," in ji Ketura a hankali. "Amma ba a ganin wannan daga nesa."

Haka cigiyar ta fita bayan labaran rana. Ana cigiyar wani dattijo mai suna Sa'id daga Abbaganaram, ba dogo ba, ba gajere ba, yana sanye da kaftani da hula zanna, yana da mantuwa, duk wanda Allah ya sa ya gan shi ya kira wannan lamba. Lambar Yoila aka bayar. Kafin su kai bakin ƙofa wayar ta fara ƙara, wani ne daga Kasuwar Monday, ya ce ga tsohon nan a gabansa, su yi sauri.

Yoila ya yanke ta cikin Wulari don guje wa cunkoso. A wani ƙaramin layi suka tarar da kurar ruwa ta tare hanya, mai turin ya duƙa yana fama da yashi. Yoila ya danna hon, ya sake dannawa. Ya Mu'mina ta leƙo da kai, idonta na can ƙarshen layi, ta daka tsawa.

"Kai mai moya, kauce mana! Muna sauri!"

Mai turin ya ja kurarsa jikin katanga, ya ɗaga hannu alamar ban haƙuri, suka wuce shi fuu.

To, mai turin kurar nan Ba Sa'id ne. Ƙafarsa ce ta tuna abin da kansa ya manta. Ya bi tsohuwar hanyarsa tiryan-tiryan har bohol ɗin Wulari, ya tarar da kura cike da jarkoki, mai ita ya tafi cin abinci, ya kama hannunta ya tura kamar yadda ya saba. Matarsa ta wuce shi har iskar laffayarta ta taɓa shi. Tsoho ɓatacce take nema, mai tangaɗi a bakin titi yana kalle-kalle. Mai moya kuwa, wa yake kallon fuskarsa? Ko matar mai moya ba ta kallo.

A Kasuwar Monday aka nuna musu wani dattijo zaune a kan buhun gero. Ba dogo ba, ba gajere ba, kaftani, hula zanna. Ba shi ba ne. Wannan ma ba ɓata ya yi ba, jikarsa yake jira, kuma ya fusata ƙwarai da aka taru a kansa. Suna ba shi haƙuri wayar ta sake ƙara. Daga Mafoni ne, a ƙofar wani masallaci.

Rana ta take, kwalta na tururi. Ya Mu'mina ta kasa zama daidai a cikin keken, ta leƙa dama, ta leƙa hagu, duk farin kaftanin da ta hango sai ta ce, "Tsaya!" Yoila ya tsaya, su duba, su wuce. Ashe garin cike yake da su. Ga su a gindin darbejiya, ga su a kan benci, ga su riƙe da leda suna tsallaka titi, tsofaffi tsaka-tsaki, kowanne mijin wata. Fanna ta kira daga Damaturu tana kuka, ta ce za ta hau mota. Uwar ta ce, "Ki zauna inda kike, kada ki ƙara mini wani neman," ta kashe wayar.

Na Mafoni ya fi ci mata rai. Tsoho ne siriri, an ba shi ruwa da ƙosai, an ce tun jiya yake wurin, ba wanda ya zo. Da ya ga ta nufo shi, ya yunƙura ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"Wushe, wushe," ya gaishe ta da Kanuri. "Ke ce kika zo ɗaukata?"

Ta ce, "A'a, Baba, Allah ya kawo naka." Ta juya da sauri don kada ya ga hawayenta. Yoila ya roƙi liman ya kai maganarsa gidan rediyo shi ma. A cikin keke ta yi ta kuka a fili, ba ta damu da masu kallo ba. Tsoro ya kama ta sosai, don ta ga yadda mutum yake zama in ya kwana ba a same shi ba.

Bayan la'asar wayar ta yi shiru. Inuwa ta fara tsawo. Yoila ya ce man kekensa ya kusa ƙarewa, ya tsaya a wata mahaɗa kusa da Wulari wajen masu sayar da mai a galan. 'Yan uwansa masu keke na nan suna hira, ɗaya yana ba da labari yana dariya.

"Duniya ta lalace! Wai yanzu har tsofaffi sun shiga sata. An ɗauke wa Imran kurarsa a bohol da rana tsaka, cike da ruwa. Mai raken wurin ya ce wani tsoho ne, ya ɗauka abokin aikinsu ne. Imran ya tara 'yan uwansa, suna can suna bi layi-layi da gora."

Ya Mu'mina ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta tuna ƙaramin layin nan, da bayan da ya duƙa, da hannun da aka ɗaga mata. Bayan nan ta san shi, shi ta fi sani a duniya. Ta dafe kai ta ce, "Innalillahi! Yoila, shi ne! Shi na yi wa tsawa!"

Yoila bai tsaya rufe tanki da kyau ba ya ja keken. Suka shiga Wulari suna tambaya, ba tsoho suke tambaya ba yanzu, masu gora suke tambaya, kuma waɗannan kowa ya lura da su. Aka yi ta nuna musu hanya har suka jiyo hayaniya.

A ƙofar wani gida mai jan ƙyaure suka same su. Ga kura, ga masu ruwa sun yi cirko-cirko da sanduna, ga Imran, ƙato mai jan ido, yana huci. Tsakaninsu da kurar wata tsohuwa ce tsaye, da tabarau da ɗankwali, ta buɗe hannuwa ta tare. Mama Phebe ake ce mata, malamar makaranta ce da ta yi ritaya.

"Ba wanda zai taɓa shi!" take cewa. "Da ruwan mutumin nan na yi wa 'ya'yana wanka tun suna jarirai. Ya shigo yanzu ya nufi inda randata take a da, yana nema, ni kuwa na daɗe da sa famfo. Ɓarawo ne zai kawo maka ruwa har gida?"

"To, wane ne shi?" in ji Imran. "Faɗi sunansa in kin san shi!"

Mama Phebe ba ta san sunansa ba. Ta ji cigiyar da rana, da kunnenta, ko kaɗan ba ta kawo shi a ranta ba. Kunya ta rufe ta. Ta ce, "Mai moya muke ce masa."

"Sa'id ne sunansa!" Ya Mu'mina ta faɗa tun kafin ta gama saukowa, da ƙarfi, har layin ya amsa. "Mijina ne. Ba shi da lafiya. Shekara talatin yana tura kura a unguwar nan kafin ku san hanyar bohol!"

Masu ruwa suka sauke sandunansu. Imran ya dubi tsohon, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ki yi haƙuri, Ya Hajja, ban sani ba." Sauran suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba Sa'id na tsaye riƙe da hannun kurar, duk hayaniyar nan ba ta dame shi ba. Ya Mu'mina ta je gabansa ta tsaya, ta dube shi sosai, irin duban da ba ta taɓa yi masa ba. Ashe kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, inda sanda ta ci. Ashe akwai ɗan tabo a gefen girarsa. Gashin idonsa dogaye ne, irin na Fanna sak. Gumi ya jiƙa kaftanin, kuma ruwan toka ne. A gajiye yake, amma fuskarsa a sake take, rabon da ta gan shi haka tun kafin ambaliya.

"Malam," ta ce. "Zo mu tafi gida."

Ya dube ta da ladabi, ya ɗan sunkuyar da kai yadda yake yi wa matan mutane. Babu alamar sani a idonsa ko ƙanƙani.

"Hajiya," ya ce, "jarka nawa za a kawo?"

Mama Phebe ta toshe baki da hannu. Yoila ya matso ya kama hannun tsohon don ya sa shi a keke, Ba Sa'id ya ƙanƙame kurar, tsoro ya fara shiga fuskarsa. Ladan ya fara gyara lasifika a masallacin layin don kiran magariba. Ya Mu'mina ta ɗaga wa Yoila hannu ya bari. Ta dubi Imran, Imran ya ce, "Ku tafi da kurar, gobe na zo na ɗauka."

Ta share fuska da bakin laffaya, ta gyara murya.

"Duka nake so, mai moya," ta ce. "Amma gidan da nisa. Abbaganaram ne."

"Ba komai, Hajiya," in ji shi. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya duƙa ya kama kurar. "Wuce gaba, ina bin ki."

Ta wuce gaba. Imran ya sa hannu ɗaya a gefen kurar ba tare da tsohon ya gani ba, Yoila ya biyo su a hankali da keke. Tana tafe tana waiwayensa, shi kuma duk waiwayen da ta yi sai ya ce mata, "Ina nan, Hajiya, ruwanki ba zai zube ba."